Haƙƙin Unguwa a Kan Ruwa da Fili

Yerimaram, ɗaya daga cikin unguwannin Pataskum a Jihar Yobe, ba ta bakin kogi kamar Gashuwa da Geidam, waɗanda Komadugu Yobe ya ratsa, amma tambayar da ke gaban mazaunanta ita ce wadda ke gaban kowane gari mai bunƙasa: shin filin da yara ke wasa da kududdufin da ke tara ruwan damina alatu ne na masu hali, ko kuwa haƙƙi ne na jama'a?

Malaman fiƙihu sun amsa ta da hukunci biyu. Na farko shi ne harimi, wato filin da ake bari kewaye da rijiya ko kogi ko gari, wanda ba a yarda wani ya mallake shi ta yadda zai cutar da masu amfani da shi ba. Na biyu shi ne hima, wato yankin da shugaba ke keɓewa domin maslahar kowa, kamar yadda Halifa Umar ya keɓe Rabaza domin dabbobin zakka. Akwai kuma hadisin da ya sanya mutane tarayya a ruwa da ciyawa da wuta.

Saboda haka, idan aka cike kududdufi aka yanka shi filoti, ko aka sare dalbejiyar da dattawa ke shan inuwa bayan azahar, an tauye haƙƙin maƙwabta har da na 'ya'yan da ba a haifa ba, ko da takardar cinikin ta inganta.