Shirun da ke cin haƙƙin marayu

 

Ya ku ƴan'uwa musulmi na Gure da kewaye, akwai tambayar da ba a yi a ƙasar nan. Kana iya tambayar mutum lafiyar iyali, da gajiya, da sanyi, da yadda damina ta yi a garinsu, ku daɗe kuna gaisawa. Amma ka ce masa, "Malam, nawa ne albashinka?" ko "Alhaji, shanunka nawa?" nan take fuska za ta canza. In mai haƙuri ne ya ce, "Sai godiya, ana cikin rufin asiri." In ba mai haƙuri ba ne ya ce, "Aiko ka aka yi?" Hausawa da Mangawa da Fulani da Tubawa da Buzaye, kowa da harshensa, amma a nan bakinmu ɗaya. Ku je kasuwar Gidigir ko ta Subdu ku gani. An sayar da bijimi, dillali ya ja mai shi gefe, sun juya wa jama'a baya, an ƙirga jikkuna kusa da ƙirji, an cusa su can cikin aljihun ƴar ciki, sannan mutum ya gyara rigarsa ya dawo kamar gaisawa kawai suka yi.

Ban zo in zargi wannan kamun bakin ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Hassada gaskiya ce, kambun baka gaskiya ne, kuma Annabi Yaƙubu ya hana ɗansa Yusufu ba ƴan'uwansa labarin mafarkinsa. Ƙaruna da ya fito yana nuna wa mutanensa ado, ƙasa ce ta haɗiye shi da gidansa. Kakanninmu kuma sun sha wuyar haraji da jangali a zamanin Nasara, lokacin da faɗin gaskiyar yawan garke yake nufin ƙarin abin biya. Yau ga ɓarayin dabbobi, ga wanda da ya ji ka yi ciniki sai ya riga ka isa ƙofar gidanka. Wanda ya yi shiru a bainar jama'a ya yi daidai.

Abin da ke damuna shi ne shirun ya bi mu har cikin ɗaki, ya shiga tsakanin mutum da matarsa, da magadansa, da masu binsa bashi, har ma tsakaninsa da kansa.

Mu ɗauki zakka. Rukuni ce ta Musulunci, kuma duk wanda ya karanta Risala a zaure ya san da lissafi aka gina ta. Raƙuma 5, tunkiya ko akuya ɗaya. Shanu 30, ɗan maraƙi. Tumaki da awaki 40, ɗaya. Hatsi da dabino in sun kai sa'i 300, ɗaya bisa goma in ruwan sama ya shayar da su, rabin haka in da wahalar ban-ruwa aka samu. Kuɗi in sun kai ƙimar dinari 20, wato kamar giram 85 na zinariya, suka shekara, ɗaya bisa arba'in. Mai shago da mai fataucin kanwa da ke juya kayansu kullum, su ƙimanta abin da ke hannunsu sau ɗaya a shekara. To, ya bawan Allah, kai da ka ce ƙirga garke yana kore albarka, da me za ka san abin da ke kanka? Kai da ke jin kunyar zama gaban malami ka faɗa masa abin da ka mallaka don ya lissafa maka, sai ka ɗebi tiya biyar ta gero ka miƙa wa almajirai ka ce Allah ya karɓa. Sadaka ce ka yi, Allah ya ba da lada. Haƙƙin talaka kuwa yana nan cikin rumbunka. Ku tuna masu lambun nan da Suratul Ƙalam ta ba da labarinsu: sun yi sammako suna magana ƙasa-ƙasa don kada miskini ya ji za a yi girbi, suka tarar ba abin girba.

Sai mutuwa. Nan ne nake so mu tsaya, domin nan shirun yake fitar da haƙoransa.

An dawo daga maƙabarta, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Kafin sadakar uku, wani ya ja babban ɗan mamacin gefe ya ce, "Ka yi haƙuri, ɗana, ba lokacin maganar ba ne, amma ina bin marigayi jika ɗari biyu." Ba takarda, ba shaida. Yaron ya shiga wurin mahaifiyarsa da ke takaba, ya durƙusa ya ce, "Inna, Baba ya taɓa faɗa miki?" Ta girgiza kai. Shekara talatin tana gidan, ba ta taɓa sanin abin da ya shigo ko abin da ya fita ba. A buɗe akwati, sai ƴan takardu da ba mai gane kansu. Wayarsa a kulle, lambar sirrin ta tafi da shi. An san yana da shanu wurin wani makiyayi wajen Tasker, amma nawa ne? An ji yana da ajiya wurin wani abokinsa a Damagaram, amma wane abokin? In mai amanar nan mai tsoron Allah ne ya kawo. In Shaiɗan ya rinjaye shi, wuta ya ci, kuma marigayin ne ya buɗe masa ƙofar. Wanda marigayin ke bi bashi ya yi gum, wanda ke bin marigayin ya ji nauyi ya bar wa Allah, ko wani maƙaryaci ya zo ya yi rantsuwa. Shari'a ta ce a fitar da kuɗin likkafani da binnewa, a biya bashi, a zartar da wasiyya cikin sulusi, sannan a raba. Suratun Nisa'i ta yanka wa kowa rabonsa, matar mai ƴaƴa tumuni, matar marar ƴaƴa rubu'i. Tumunin me za a ba ta alhali ba a san jimillar ba?

Magabata ba haka suka yi ba. Zubairu ɗan Awwam, ranar yaƙin Raƙumi a shekara ta 36 bayan hijira, ya kira ɗansa Abdullahi ya gaya masa ba abin da ya fi damunsa kamar bashinsa, ya umarce shi ya sayar da kadara ya biya. Da aka lissafa, bashin ya kai miliyan 2 da dubu 200, akasarinsa ajiyar mutane ce da ya mayar rance a kansa don kada ta salwanta. Abdullahi ya biya, sannan ya hana rabon gado sai da ya shekara huɗu yana shela a lokacin aikin hajji, ko akwai sauran mai bin mahaifinsa. Sayyadina Umar ma, yana kwance da raunin da ya zama ajalinsa, ya sa aka ƙirga bashinsa, aka samu kimanin dubu 86, ya faɗi inda za a nemo abin biya. Waɗannan sun fi mu kunya, sun fi mu sanin Allah. Kuma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Amma a garinmu ka ce wa aboki a rubuta, sai ya ce, "Ashe ba ka yarda da ni ba?" Ka ce masa ka yarda da shi, kwanan ku duka biyu ne ba ka sani ba. An taɓa kawo gawa, Manzon Allah ya ƙi yi mata salla saboda bashi, sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya.

Ya ku magidanta, ban ce ku zazzage wa iyali komai kowane dare ba. Amma matar da ba ta san ƙarfin mijinta ba, ko ta riƙa neman abin da ba ya iyawa har gida ya ɗau zafi, ko ta riƙa haƙuri da yunwa alhali akwai. Hindu matar Abu Sufyan ta kai ƙarar rowar mijinta gaban Annabi, bai ce mata ta yi rashin kunya ba, ya ba ta izinin ɗaukar abin da zai ishe ta da ƴaƴanta gwargwadon al'ada.

Shi ma marar abu yana da nasa shirun mai ciwo. Malamin lakwal da dangi ke ɗauka gwamnati na zuba masa kuɗi, wata bai raba ba albashin ya ƙare, ya kasa faɗa, sai a ce ya yar da zumunci. Yaron da ya tafi Libiya ko wurin haƙar zinariya a Jado, ya ci bashi ya aiko gida don kada a ce ya tafi a banza, wani ma ya ƙi dawowa shekara da shekaru don hannunsa wayam. Ya kai ɗana, ka gaya wa mahaifinka gaskiya. Talauci ba zunubi ba ne, ƙarya da bashin da ba ka da hanyar biya su ne abin tsoro. Ku kuma mawadata, Alƙur'ani ya sanar da ku akwai mabuƙatan da kamun kai ke sa a zace su masu hali ne. Ba za su zo ƙofarku ba, ku za ku bincika ku je.

Yau in an sallame isha'i, nemi littafi. Da ajami ko da boko, rubuta wanda kake bi da wanda ke binka, dabbobin da ke hannun makiyayi da alamarsu, ajiyar mutane da ke wurinka da taka da ke wurin mutane, gonar da aka ba ka aro ko jingina. Ka sa adilai biyu su shaida, ka nuna wa wanda ka amince da shi inda littafin yake. In ba ka iya rubutu ba, liman ya iya.

Kai kuma da aka zaunar da kai aka buɗe maka wannan, ko ɗa ne kai, ko ƙane, ko mata, ko malami, amana aka ɗora maka. Kada a ji ta a majalisa, kada ta fita wurin suna ko biki, kuma kada gari ya waye ka zo neman rance don ka ji akwai. Irin haka ne ya sa iyayenmu da yawa suka rufe baki har aka rufe su.