Wutar da Na'ura ke Sha Alhali an Kashe Ta: Almubazzaranci Ce?

Yawancin na'urorin lantarki na zamani ba sa mutuwa gaba ɗaya idan aka kashe su da rimot. Talabijin da dikoda da cajar da aka bari a soket suna ci gaba da jan wuta kaɗan kaɗan, suna jiran a sake kunna su. Ɗan jan hasken nan da ke gaban talabijin cikin dare shi ne shaidar hakan. A Illela, garin da ke iyaka da Birnin Ƙonni na Nijar, inda masu cajin waya da masallatai da gidaje da dama suka koma ga sola, akwai abin tambaya: shin wannan wutar tana cikin almubazzarancin da shari'a ta hana?

Hanin a fili yake. Suratul A'arafi aya ta 31 ta hana wuce iyaka a ci da sha, Suratul Isra'i aya ta 26 da 27 kuma ta yi kakkausan gargaɗi ga masu almubazzaranci. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Mugira ɗan Shu'uba cewa tozarta dukiya na cikin abubuwan da Allah ya ƙi. Sai dai hukunci yana bin sani, kuma yana bin yawan abin da aka ɓarnatar. Malaman Malikiyya sun saba yafe abu ƙanƙani, kamar jinin da bai kai faɗin dirhami ba a tufafin mai salla. Don haka kafin a yi maganar laifi, sai an auna.

Awon ba wuya. Akwai ƙaramar mita da ake sakawa tsakanin soket da na'ura, ta nuna wat nawa ake sha. Mai haɗa sola kuwa yakan maƙala tasa a wayar batir bayan an kashe komai na gidan. Abin da awo ke nunawa yakan saɓa wa zato. Cajar wayar da ake yawan yi wa yara faɗa a kanta ba ta cika kai rabin wat ba. Sababbin talabijin ma haka, domin Hukumar Makamashi ta Duniya ta soma yekuwar kada wutar jira ta wuce wat ɗaya a 1999, Tarayyar Turai kuma ta rage iyakar zuwa rabin wat a 2013. Tsofaffin kayan gwanjo da wasu dikododi sun fi haka ci nesa ba kusa ba.

Babban mai ci shi ne inbata kanta, na'urar da ke juya wutar batir zuwa wutar da kayan gida ke aiki da ita. Inbatar gida matsakaiciya tana iya shan wat 30 ko fiye ko da babu ƙwai ɗaya a kunne. A dare na awa 12, wannan ya kai wat-awa 360. Batirin ruwa mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗaukar 2,400, amma rabinsa kawai ake son a riƙa ja don kada ya mutu da wuri. Ke nan kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da batir guda zai bayar ya tafi a zaman jira. A watan Afrilu, lokacin da zafin ƙasar Sakkwato ke haura digiri 40, wannan kason shi ne fankar da ke tsayawa kafin asuba.

Wani zai ce ai rana kyauta ce, ba a saya. Da tsakar rana maganarsa tana da ƙarfi: idan batir ya cika, hasken da ya rage ba a ajiye shi ko'ina, jan sa ba ya rage wa kowa komai. Akwai hadisin Sa'ad da Ibn Majah ya kawo, wanda ya hana ɓarnar ruwan alwala ko da a bakin kogi, amma malamai sun yi saɓani a kan isnadinsa, kuma ba sai an dogara da shi ba. Da dare daga batir ake ja, shi kuwa batir da kuɗi aka saye shi, kuma yawan zazzage shi da sake cika shi ne ke ƙayyade shekarunsa, ga zafi yana ƙara gajarta su. Dukiyar da ake tozartawa a nan batir ce.

Ba kowace wutar jira ce ɓarna ba. Inbatar da aka bari a kunne don firjin da ke ɗauke da magani tana kan aiki. Ana kiran abu almubazzaranci ne idan babu amfanin da ake nema da shi, an san da zubewarsa, kuma tsayar da shi bai wuce danna makunni ba. Wanda bai sani ba yana da uzuri, amma uzurin yana raguwa bayan mai sola ya nuna masa lambar da ke kan mita.

Nauyin ya fi tsanani idan dukiyar ta jama'a ce. Solar masallaci da ta makarantar Islamiyya galibi wakafi ce ko karo-karon mutane, mai kula da ita kuma amana ya riƙe. Sassaucin da mutum zai yi wa kansa a gidansa ba shi da ikon yin sa a nan, don haka kashe inbata bayan sallar isha'i, idan babu abin da ke buƙatarta, yana cikin aikinsa kamar kulle ƙofa.