TSARE DUKIYA A HALIN TAFIYA: NASIHA GA ALHAZAI DA FATAKE GAME DA KATIN BANKI

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya sanya dukiya ta zama ginshiƙin zaman bayinsa, Ya kuma haramta cin ta ta hanyar zalunci. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa Musulmi, ku sani malaman usulu sun ƙidaya abubuwa biyar waɗanda shari'a ta zo domin tsare su: addini, da rai, da hankali, da zuriya, da dukiya. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Mugira ɗan Shu'uba cewa tozarta dukiya yana cikin abubuwan da Allah ba Ya so ga bayinsa. To, almubazzaranci tozartawa ne, sakaci wajen tsaro shi ma tozartawa ne, domin wanda ya bar ƙofar rumbunsa a buɗe ya taimaki ɓarawo a kan kansa.

Kakanninmu da suka tafi Makka a ƙasa, ta Cadi da Sudan, sukan ɗinke guzurinsu cikin ɗamara, su kwana da shi a jiki. A yau maniyyaci, ko ɗan kasuwar Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai mai zuwa sari Dubai, Sin ko Turkiyya, yakan zuba miliyoyin sefa a banki, ya riƙo kati guda a aljihu, ya riƙa cirar kuɗi a na'urar da ma'aikatan bankinmu ke kira GAB, wadda Larabawa ke ce wa sarraf. Wannan sauƙi ne daga Allah. Amma ɓarayi ma sun canza dabara, kuma baƙo ne abincinsu, saboda bai san gari ba, bai jin harshe, ga gajiya, ga gaggawa.

HANYOYIN DA MACUTA KE BI

Ɓarawon kati abu biyu yake nema: bayanin da ke jikin katin, da lambar asiri mai alƙaluma huɗu. In ya haɗa su, ya sami mabuɗin taskarka.

Hanya ta farko, sukan maƙala wani ƙaramin ƙarfe a bakin ramin da ake zura kati, mai kwafe abin da ke cikin baƙin zanen da ke bayansa, sa'an nan su ɓoye ƴar kyamara a sama, ko su ɗora maɓallan ƙarya bisa na gaskiya, domin su ɗauki lambar asiri. Ka karɓi kuɗinka ka tafi lafiya, su kuwa su ƙera wani kati irin naka, su yi ta ɗiba.

Ta biyu, sukan cusa wani abu cikin ramin domin ya riƙe katin. Sai wani mai fara'a ya matso da sunan taimako, ya ce ka sāke buga lambar, yana kallon yatsunka. Da ka gaji ka tafi, sai ya zaro katin.

Ta uku ita ce musanya. Mai taimakon ya karɓi katinka ya nuna maka yadda ake yi, ya mayar maka da wani mai kama da shi wanda ba ya aiki.

Ta huɗu ba ta bukatar na'ura. Mai shago ko ma'aikacin otel ya shige da katin ciki, ya ɗauki hoton gabansa da bayansa. Dogon lambar da ke gaba, da watan ƙarewarsa, da alƙaluma ukun da ke baya, sau da yawa sun isa a yi sayayya da su ta intanet. Haka kuma wani yakan kira ka ta salula ya ce shi ma'aikacin banki ne, ya nemi lambar asiri ko wadda aka aiko maka ta saƙo. Ku riƙe wannan da kyau: banki ba ya tambayar kowa lambar asirinsa.

TAWAKKALI DA RIƘON SABABI

Wani zai ce: ni baƙon Allah ne, a ƙasa mai tsarki nake, wa zai cuce ni? Ya ɗan uwa, tsarkin wuri ba ya tsarkake zuciyar duk wanda ya shigo shi. Tirmizi ya ruwaito daga Anas ɗan Malik labarin mutumin da ya tambayi Manzon Allah (S.A.W.) ko ya ɗaure taguwarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, sai aka umurce shi da ya haɗa biyun. A cikin Suratul Kahfi, aya ta 19, samarin kogo sun aiki ɗayansu birni da azurfa domin sayen abinci, suka gargaɗe shi da ya bi a hankali, kada ya bari a gane su. Annabi Yakubu (A.S.) ma ya hori ɗiyansa da su shiga Masar ta ƙofofi dabam-dabam, alhali ya fi kowa sanin cewa hukunci na Allah ne. Ashe taka tsantsan a baƙon gari sunna ce ta Annabawa da salihai.

ABIN DA YA KAMATA MATAFIYI YA YI

1. Kafin tashi, ya je bankinsa ya shaida masu ƙasar da zai tafi, ya tabbatar katin yana aiki can. Katin da ke ɗauke da alamar GIM kaɗai an yi shi ne domin ƙasashe takwas na UEMOA. Wajensu sai mai alamar Visa ko Mastercard.

2. Ya rubuta lambar wayar da ake kira a rufe kati, ya ajiye ta dabam. Ya tuna saƙon banki yana zuwa ne a layinsa na gida. In ya cire shi ya sa na baƙuwar ƙasa, ba zai ga ana ɗibar kuɗinsa ba.

3. Ya haddace lambar asiri. Kada ya rubuta ta a bayan kati ko cikin fasfo, kada kuma ta zama shekarar haihuwarsa.

4. Ya zaɓi na'urar da ke cikin banki ko kusa da masu gadi, da rana. Ya taɓa bakin ramin; in yana motsi ko ya ga alamar manne, ya bar ta. Ya rufe maɓallan da hannu guda yayin bugawa.

5. In na'ura ta haɗiye katin, kada ya sāke buga lamba don wani ya ce, ya kira banki nan take yana tsaye a wurin. A shago kuwa, kada katin ya ɓace wa idonsa.

6. Kada ya tara ƙwansa duka a kwando ɗaya: ya riƙe tsabar kuɗi kaɗan a wani wuri.

Dattawa da mata waɗanda ba su yi karatun boko ba, wajibin ɗiyansu ne su koya masu tun a gida, ko su haɗa su da amintaccen abokin tafiya da aka sani, domin kada larura ta sa su miƙa kati ga wanda suka gamu da shi a titi.

HUKUNCIN KUƊIN MUTANE

A nan al'amarin ya fi nauyi. Fatakenmu da yawa suna tafiya da sautun maƙwabta, da jarin abokan ciniki, wani lokaci har da gadon marayu, duka a kati guda. Malamanmu na Malikiyya, a babin ajiya da babin ƙirali, sun tabbatar da cewa wanda aka ba amana ba ya biya in dukiya ta salwanta ba da laifinsa ba, amma in ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci, ramuwa ta hau kansa. Wanda ya rubuta lambarsa a jikin kati, ko ya faɗa wa baƙo, ko ya ga katin ya ɓace ya kwana bai sa an rufe shi ba, da wane baki zai ce wa masu haƙƙi ƙaddara ce? Sau nawa zumunci ya yanke, shari'a ta shiga tsakanin ƴan uwa, a kan irin wannan?

Shi kuwa wanda aka nuna wa lambar asiri domin ya taimaki tsoho, ya sani asirin nan amana ne a wuyansa, dala ɗaya in ya ƙara wa kansa ya ci haram. Mai kwafar katin mutane kuwa ɓarawo ne, ko da bai haura katanga ba, kuma tubarsa ba ta cika sai ya mayar da haƙƙi ga masu shi. In a Harami ya aikata, zunubin ya ƙara muni. Wanda ya tsinci kati ya kai shi banki ko wurin ƴan sanda, kada ya gwada shi.

Muna roƙon Allah Ya tsare matafiyanmu a tafiyarsu da komowarsu, Ya kiyaye dukiyarsu da mutuncinsu, Ya karɓi hajjin alhazanmu, Ya sa albarka a fataucin ƴan kasuwarmu, Ya shiryi macuta, Ya sa mu cikin masu cika amana. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.