Baƙo da Tocila a Hannu

A ƙasar Ostiraliya, kusa da garin Lithgow, akwai wani rami da aka huda cikin dutse a shekara ta 1907, domin jirgin ƙasa ya bi ta ciki zuwa Newnes, inda a dā ake toya duwatsu ana fid da kananzir. Tsawonsa mita 400 ne. A 1932 jirgi ya daina bi, daga baya aka kwashe ƙarafan hanyar. Ramin a lanƙwashe yake, tsakiyarsa baƙi ƙirin ko da rana tsaka, ruwa kuma yana gudu a ƙasa. Waɗansu tsutsotsi suka tare a ciki, kowace tana ba da ɗan haske shuɗi-shuɗi. Mutane sukan yi doguwar tafiya su je kallo.

Hasken nan ba ado ba ne, abin neman abinci ne. Tsutsar takan saƙa zaruruwa masu danƙo ta rataye su, ƙananan ƙwari su biyo haske su maƙale, ta jawo ta ci. In ta girma ta zama ƙwaro mai fiffike, ba ta ƙara cin kome, kwana kaɗan ta mutu. Cin da za ta yi duk ranta, yanzu ne.

To, in aka haska ta da tocila, sai ta rage haskenta, ba ta komowa da wuri. Tarkonta kuwa ya zauna banza.

A ce kai ne ka sha wuyar hanya, ka biya kuɗin mota, ga tocila a hannunka. Zuciyarka za ta ce, “Haskawa ɗaya me za ta rage?” Gaskiya ne, ɗaya ba ta kashewa. Amma na gabanka haka ya ce, na bayanka ma haka zai ce, tsutsar kuwa ba ta da bakin kai ƙara. Wahalar da ka sha ta ba ka iko a kanta? Ni dai ban ga haka ba. Ba ita ta kira ka ba. Gidanta ka shiga, ka same ta a bakin aikinta.

Ba a hana ka riƙe tocila ba. Masu kula da wurin sun ce ka sunkuyar da ita wajen ƙafafunka, ka yi shiru, kada ka taɓa bango. In ka kai tsakiya ka kashe ta, ka tsaya ƴan mintoci har idonka ya saba da duhu.