Ɗan Akuya Marar Ƙaho: Haka Aka Haife Shi, Ko Cire Masa Aka Yi?

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya hore mana dabbobin ni'ima, muna ci, muna sha, muna ciniki da su. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, layya tana matsowa, suna kuma ba ya yankewa a tsakaninmu. Da yake kuɗin rago ya yi wa mutane da yawa nauyi, an koma ga akuya da bunsuru da taure. Mu kuma mazauna Wuse, yawancinmu jikinmu ne a Abuja, turkenmu yana gida, a Kano ko Katsina ko Sakkwato ko Maraɗi. Mutum yana shagonsa a kasuwar Wuse za a turo masa hoton 'yar akuya ta WhatsApp, ya tura kuɗi, a kai wa mahaifiyarsa ko maiɗakinsa ta kiwata. Wani kuma ya saci awa biyu ya ruga Dei-Dei ko Kugbo, ya saya a gurguje ya dawo kan kayansa. To a irin wannan cinikin ne tambayar ƙaho take tasowa. A nuna maka ɗan akuya kansa sumul, a ce ai haka aka haife shi. Gaskiya ne? In ma gaskiya ne, ya halatta a yanka? Kada wani ya ce wannan ƙaramar magana ce da ba ta kai ta hau takardar Juma'a ba. Ibadar mutum ce a ciki, da kuɗin guminsa, da amanar dillali.

Mu fara da hukunci. Dabbar da aka haife ta ba ƙaho, wadda malamai suke kira jamma'u, ta halatta a layya. Shaihu Halilu ya ambace ta da sunanta a Muhtasar cikin waɗanda suke isarwa, kuma sauran mazhabobi uku ma a kan haka suke. Aibobin da hadisin Barra'u ɗan Azibu ya lissafa guda huɗu ne, kamar yadda yake a Muwaɗɗa da littattafan Sunan: mai ido ɗaya, da marar lafiya, da gurguwa, waɗanda aibinsu ya fito fili, sai ramammiyar da ba ta da ɓargo. Babu ƙaho a cikinsu. Gaskiya ne Manzon Allah (SAW) ya yi layya da raguna biyu masu ƙaho, kamar yadda Anas ya ruwaito a Buhari da Muslim, shi ya sa mai ƙaho ya fi falala. Amma rasa falala daban, ɓacin ibada daban. Sharuɗan dabbar suna kuwa, a wurin Malikawa, su ne dai na dabbar layya.

Muna jaddada wannan ne saboda wata ɗabi'a da muke gani. Tsohuwa ta kawo bunsurunta marar ƙaho kasuwa, mai saye ya san sarai ya halatta, amma sai ya taɓe baki ya ce, "Baba, wannan ai ba ya layya, sai dai a rage." Ta karyar da kuɗin don ba ta sani ba. Wannan cin dukiya ne da sunan fiƙihu, kuma ya fi ƙaryar kasuwa ta yau da kullum muni, domin an jingina wa shari'a abin da ba ta faɗa ba.

Wanda aka karya wa ƙaho ko aka cire masa, nan ne magana ta rabu. A Risala ta Ibnu Abi Zaidin da Muhtasar, ma'aunin shi ne warkewa: in wurin yana jini bai warke ba, bai isar ba, don ciwo ne, in ya warke, ya isar. Hanbalawa kuwa, bisa wani hadisi da aka ruwaito daga Sayyidina Aliyu da fassarar da Sa'idu ɗan Musayyib ya yi masa, ba su yarda da wanda mafi yawan ƙahonsa ya tafi ba. Kun ga ke nan, na haihuwa mazhabobi huɗu sun haɗu a kansa, na cirewa kuwa akwai sharaɗi, akwai saɓani. A sahunmu na nan akwai mai bin wannan, akwai mai bin wancan. Mai saye yana da haƙƙin ya san wanne aka ba shi, ya zaɓa wa ibadarsa da idonsa a buɗe.

To yaya ake ganewa? Abin ba ya buƙatar na'ura, yatsa ne da ido.

In ɗan akuyan jariri ne, kwanaki kaɗan da haihuwa, ka dubi gashin kansa tsakanin kunnuwa. Wanda zai yi ƙaho, za ka ga gashin ya murɗe ya yi kewaye a wurare biyu, dama da hagu, daidai inda ƙahon zai fito. Wanda ba zai yi ba, gashin yakan kwanta sumul ba wannan murɗewar biyu. Sannan ka ɗora babban yatsa a kan tudun, ka ɗan motsa fatar a hankali. In fatar ta manne ba ta motsi, kuma kana jin ɗan tsini a ƙasa, ƙaho ne yake tafe. In fatar tana zamewa a kan ƙashin, tudun kuma dunƙule yake ba tsini, to mai yiwuwa marar ƙaho ne. A lura, marar ƙaho ma yana da tudu biyu a ka, don haka ganin tudu kaɗai ba hujja ba ne. Namiji yakan nuna da wuri, wani lokaci tun ranar haihuwa ake jin tsinin. Mace takan yi jinkiri, sai ta kai mako ɗaya ko biyu. Saboda haka duk wanda ya rantse maka a kan 'yar akuya 'yar kwana uku cewa ba za ta taɓa yin ƙaho ba, ya rantse a kan abin da bai tabbatar ba. A ba ta wata guda, kanta zai faɗi gaskiya.

In kuma ya girma, sai ka buɗe gashin ka duba fatar. A gonakin kiwo na zamani ana ƙona tushen ƙahon da ƙarfe mai zafi tun ɗan akuyan yana ɗan mako ɗaya ko biyu, don kada su riƙa jin wa juna ciwo ko su maƙale a waya. Wannan ƙunar takan bar tabo kewayayye kamar zobe, sau da yawa ba gashi a kansa. Wani lokaci tushen bai mutu duka ba, sai wani gurgun ƙaho ya tsiro a karkace, yana girgiɗi, yana ɓallewa yana jini, musamman ga bunsuru. Wannan jinin shi ne abin da malamanmu na Malikiyya suka ce a kula da shi. Ka duba ranar saye, ka sake dubawa ranar yanka. Wanda aka datse wa ƙaho da zarto bayan ya girma, shi wannan ba ya ɓuya, kututturen yana nan.

(Wata 'yar magana a gefe: mai son ya yi wa 'yan awakinsa wannan ƙunar, ya kira likitan dabbobi. Ƙashin kan ɗan akuya ba shi da kauri, ƙarfen ya ɗan daɗe sai zafin ya kai ga ƙwaƙwalwa. Ba aikin koyo a kan rai ba ne.)

Akwai kuma hanya ta uku, wadda ta fi dacewa da mu masu saye ta waya: ka tambayi uwa da uba. Masana kiwo sun tabbatar rashin ƙaho a awaki gado ne mai rinjaye, wato marar ƙaho na haihuwa dole ɗaya daga cikin iyayensa ya kasance marar ƙaho na haihuwa. Akuya mai ƙaho da bunsuru mai ƙaho, 'ya'yansu masu ƙaho ne. Jar akuyarmu ta Sakkwato da Maraɗi, wadda fatarta ta yi suna har ƙasashen Turawa, mace da namiji duk da ƙahonsu aka san su. An fi samun marasa ƙaho a jinin awakin madara na waje, irin Saanen ta Suwizalan, ko da yake a namu ma akan ci karo da su jefi-jefi. Don haka in aka turo maka jar akuya kanta sumul, ka ce a ɗauko maka hoton uwarta, ka tambayi wane bunsuru ya yi barbarar. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambayar.

Ga mai sayen kiwo kuwa, akwai abin da ya fi maganar yanka nauyi. In aka haɗa akuya marar ƙaho da bunsuru marar ƙaho, kusan ɗaya cikin huɗu na 'ya'yan yakan gaji abin ta ɓangare biyu. In wanda ya gada ɗin mace ce, sai ta fito mata-maza, ba ta ɗaukar ciki. Makiyaya a Turai sun daɗe da lura da haka, kuma a 2001 masu bincike a Faransa suka gano gurbin da ke haddasa shi a ƙwayar halitta. Ku auna wannan da halinmu. Ɗan kasuwa ya tara kuɗi ya saya wa gwauruwar yayarsa 'yar akuya, da niyyar ta haihu ta riƙa samun na makarantar yara. Shekara ta zagayo, dusa da harawa sun tafi, akuya shiru. In wanda ya sayar ya san daga irin wannan haɗin ta fito, ko ya ga alamar a jikinta ya yi gum, ya ci haƙƙin marayu ne ba tare da ya taɓa ganinsu ba. Maganin mai sauƙi ne: marar ƙaho a haɗa ta da mai ƙaho.

Sai shekaru. Da yawanmu da tsawon ƙaho muke kintatar girman dabba, to in babu ƙahon fa? Akuya ba ta isar wa layya sai ta cika shekara ta shiga ta biyu. Sahabi Abu Burda ɗan Niyar, da ya yi yanka kafin sallar idi, an yi masa rangwame ya maye da 'yar akuyar da ba ta kai ba, aka kuma gaya masa shi kaɗai ne, ba wani bayansa. Don haka a buɗe baki a duba. Akuya tana da haƙoran gaba takwas a ƙasa, babu a sama. Muddin duk ƙanana ne iri ɗaya, na nono ne. In biyu na tsakiya sun fita manya masu faɗi sun maye, ta kai shekara ko ta haura. Ɗan wata bakwai da aka cika wa ciki da dusa da ruwa, kansa sumul, a hoto sai ka ɗauka babba ne. Ku ce a turo hoton haƙori, ba na ƙugu kaɗai ba.

Yanzu gare ku, 'yan'uwanmu dillalai da masu sayarwa, mun san da yawanku a wannan sahu kuke sallah. Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya cusa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, sannan ya barrantar da mai algus daga gare shi. Mutumin nan bai furta ƙarya ba, shiru kawai ya yi ya bar busasshen a sama. Gashin da ya rufe tabon ƙuna shi ma haka yake. A hadisin Hakimu ɗan Hizam kuma, albarkar ciniki an rataya ta a kan abu biyu, faɗin gaskiya da bayyanawa, an kuma ce ɓoyewa da ƙarya suna shafe ta. "Alhaji, wannan ƙona masa aka yi, amma ya warke." Kalma nawa ce? Sau da yawa ma ba za ta rage ko sisi a farashi ba. In ba ka sani ba, ka ce ban sani ba, a hannu na saye shi. La'adar da aka samu da "wallahi haka aka haife shi" alhali ba ka ga haihuwar ba, ba mu ga abin sha'awa a cikinta ba.

Wani abin da ke sa jiki ya yi sanyi shi ne, da Manzon Allah (SAW) zai kwatanta mana tsananin adalcin ranar alƙiyama, da wannan dabbar ya yi misali. A hadisin Abu Huraira da ke Muslim, ya ba da labarin za a mayar wa kowa haƙƙinsa, har marar ƙaho sai an rama mata tunkuyin da mai ƙaho ta yi mata. Dabbar da ba a ɗora mata shari'a ba ke nan. A cinikin waya, wanda yake Wuse yana kallon hoto shi ne ba shi da abin kare kansa, wanda yake tsaye a kan dabbar shi ke da ƙahon.

Wanda kuma aka riga aka cuta, shari'a ba ta ce ya haɗiye ba. Aibin da aka ɓoye, mai rage daraja, wanda yake jikin dabbar tun kafin ciniki, yana ba mai saye damar mayarwa. Asalin wannan yana cikin hadisin dabbar da aka ƙi tatsa don hantsarta ta cika ta ruɗi mai saye: an ba shi zaɓi bayan ya tatsa, ya riƙe ko ya mayar tare da sa'i ɗaya na dabino, a ruwayar Muslim har kwana uku. Haka in ka sharɗanta na haihuwa kake so aka kawo maka na ƙuna, an saɓa sharaɗi. Amma in ka ga tabon ka yarda ka biya, ko ka gano ka ci gaba da amfani da dabbar ka yi shiru, to ka sauke haƙƙinka. Saboda haka a faɗi sharaɗi a fili tun kafin a tura kuɗi, a bar saƙon muryar a waya kada a goge, in da hali a sa mutum biyu su ji. In saɓani ya taso, a zo wurin liman bayan la'asar tare da dabbar ko hotonta, kafin a kai ga wuƙa, domin bayan an yanka an raba nama, maganar mayarwa ta wuce, sai dai lissafin bambancin kuɗi.

Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kai matafiyanmu gida lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.