Ɗan mahauci a da'irar wazifa

A zawiya, ɗan mahauci da Alhaji mai shaguna a kasuwar Maradi suna zama gwiwa da gwiwa a gefen farin ƙyalle, suna karanta Jauharatul Kamali tare. Amma ranar da yaron ya aiko neman ƴar Alhaji, sai a tashi binciken asali.

Wasu sukan fake da kafa'a. To, a mazhabar Imamu Malik addini ake dubawa da kuɓuta daga aibu, ba sana'ar kaka ba. Girman kai ne kawai ya yi rawani, a zuciyar da ke da'awar neman fana'i. Manzon Allah (SAW) da kansa ya aurar da Zainab, ƴar gwaggonsa, ga Zaidu ɗan Harisa, ƴantaccen bawa.