Sannu Kafin Dariya

A Nima da Maamobi, kamar a sauran zangunan birnin Akra, idan mutum ya yi tuntuɓe ya faɗi a hanya, kalmar da takan fara fitowa daga bakin jama'a ita ce "sannu". Bahaushe ne, ko Bazabarme, ko mutumin Dagomba ko Frafra, duk wanda ya zauna a zango ya san wannan kalma, gama Hausa ce harshen kasuwa da na lungu. Mai koko takan ajiye ludayinta ta ce sannu, tela ya leƙo daga shagonsa ya ce sannu, wani kuma ya miƙa hannu. Amma a 'yan shekarun nan akwai abin da yakan riga sannu fitowa, wato wayar hannu. Kafin wanda ya faɗi ya kakkaɓe rigarsa, hotonsa ya riga shi isa gida. Saboda haka ya kamata masu bin Almasihu su tsaya su yi tunani: daidai ne mutum ya mai da faɗuwar ɗan'uwansa abin nishaɗi?

Inda abin ya faro

Tun ba a san waya mai ɗaukar hoto ba, gidajen talabijin suka gane cewa faɗuwar mutane tana da kasuwa. Wani shirin barkwanci na ƙasar Japan da aka fara a 1986, wanda Cha Kato da Ken Shimura suke gabatarwa, ya riƙa roƙon masu kallo su aiko da kaset na abubuwan ban dariya da suka ɗauka a gidajensu. Amurkawa suka ari dabarar. A watan Nuwamba na 1989 tashar ABC ta nuna America's Funniest Home Videos, Bob Saget yana gabatarwa, da ya zama shirin mako-mako a 1990 kuwa aka sa ladan dala 10,000 ga wanda kaset ɗinsa ya fi ba jama'a dariya. A shekarar nan ta 1990 tashar ITV ta Ingila ta fito da nata, You've Been Framed!, wanda ya yi fiye da shekara 30 ana nuna shi, ana biyan fam 250 a kan kowane guntun hoto da aka sa. Abin da ake gani bai cika sauyawa ba: amarya ta zame a wurin biki, kujera ta karye da tsoho, yaro ya faɗo daga lilo.

A talabijin dai akwai masu tsaron ƙofa, waɗanda sukan tace abin da aka aiko, su kuma nemi izinin waɗanda fuskarsu ta fito. Yanzu ƙofar ba ta da mai tsaro. Saurayin da yake zaune a majalisar shayi a Nima shi ne mai ɗauka, shi ne mai tacewa, shi ne kuma gidan talabijin, ta WhatsApp da Facebook da TikTok.

Ƙasar Gana ma ta shiga wannan labari ta hanyar da ba wanda ya zata. A 2017 BBC ta nuna wata ƙungiyar masu ɗaukar akwatin gawa daga Prampram, ƙarƙashin Benjamin Aidoo, waɗanda iyalai sukan ɗauka haya su raka mamaci da rawa domin girmamawa. A 2020, lokacin annobar korona, mutane a ko'ina a duniya suka riƙa haɗa rawarsu da hotunan haɗari. A nuna mai babur yana dab da karo, sai a yanke, sai ga masu akwati suna taka rawa. Miliyoyin mutane suka yi dariya, kaɗan ne suka tambaya ko mai babur ɗin ya tashi.

Dariya baiwar Allah ce

Kada a ɗauka Maganar Allah tana gāba da dariya. Saratu ta haifi ɗa cikin tsufanta, aka raɗa masa suna Ishaku, ma'anarsa kuwa dariya, domin ita da maƙwabtanta su yi murna tare (Farawa 21). Littafin Karin Magana ya kwatanta farin cikin zuciya da magani, Mai Hadishi kuma ya ba dariya nata lokaci. Mutumin da ya wuni yana neman abinci a cikin rana da cunkoson Akra, ba laifi ba ne ya sami abin da zai sake masa fuska da dare. Akwai kuma hotunan gida da yawa da ba su cuci kowa ba: jariri yana ƙyalƙyala dariya, akuya ta sace ƙosai, kaka tana koyon rawar jikokinta ita ma tana dariyar kanta.

Har ma al'ada ta ware wa tsokana wurinta. Akwai wasa tsakanin jika da kaka, da tsakanin taubasai, da tsakanin Kanawa da Zage-zagi, ko Fulani da Barebari. A Gana, Frafra da Dagaaba abokan wasa ne, sukan tsokani juna ko a wurin makoki, ba mai fushi. Sai dai wannan wasa yana da doka wadda kowa ya sani ko da ba a rubuta ba. Wanda aka tsokana yana nan a wurin, yana da bakin ramawa, gobe kuma shi ne zai yi dariya. Shi ya sa wasan yake ƙara zumunci.

Wadda ba ta da bakin ramawa

A ɗauki misali. Ranar Laraba ce, babbar ranar kasuwar Nima. Wata yarinya daga arewacin Gana, cikin masu dakon nan da ake kira kayayei, ta ɗauko daro cike da tumatir a ka. An yi ruwa da asuba, ƙafarta ta zame a bakin kwata, ta faɗi, zanenta ya kwance, tumatir ya watse cikin taɓo. Wani saurayi ya ɗauka da waya, ya sa masa kiɗa, ya aika. Kafin magariba an gani a Kumasi, an gani a Kano.

Hoton bai fi daƙiƙa 10 ba, a nan kuma matsalar take. Ba ya nuna mai kayan tana neman a biya ta, ba ya nuna cewa kuɗin tumatir ɗin ya fi abin da yarinyar take samu a kwanaki, ba ya nuna ƙafar da ta kumbura da dare. Wani masani Bafaranshe, Henri Bergson, ya rubuta littafi a kan dariya a 1900, ya kuma ba da misalin mutumin da ya faɗi a titi. Ya lura cewa kafin mutum ya yi wa wani dariya, sai tausayinsa ya ɗan yi barci. Irin wannan hoto an yanke shi ne daidai yadda tausayi ba zai sami lokacin farkawa ba. Yarinyar kuwa ba taubashiyar masu kallo ba ce. Ba ta san su ba, ba ta ba su izini ba, ba ta kuma da bakin ramawa.

Akwai abu na biyu. Hannun da yake riƙe da waya ba ya ɗaga kowa. Inda aka sa lada a kan faɗuwa, ko ladan kuɗi ko na yabon abokai, akan koya wa mutum ya jira abin ya faru. Uba zai ga ɗansa yana hawan abin da zai faɗo da shi, ya gyara riƙon wayarsa.

Ham da 'yan'uwansa

Littafin Farawa sura 9 ya ba da labarin da ya dace da wannan zamani. Nuhu ya sha ruwan inabi ya bugu, ya kwanta tsirara a alfarwarsa. Ɗansa Ham ya gani, ya fita ya ba 'yan'uwansa labari. Shem da Yafet kuwa suka ɗauki mayafi a kafaɗunsu, suka shiga da baya da baya, suka rufe mahaifinsu ba tare da sun dube shi ba. Abin lura shi ne, Nuhu ne ya jawo wa kansa, Ham kuma bai yi ƙarya ba, abin da ya gani ya faɗa. Duk da haka Littafi bai wanke shi ba. Ashe "ai shi ya so" da "ai gaskiya ce" ba su isa hujja ba. Laifin Ham shi ne ya ɗauki abin da yake cikin alfarwa ya kai shi waje.

Mutanen zango, Musulmi da Kirista, suna da suna ga abin da Shem da Yafet suka yi: rufin asiri. A gidan haya inda iyalai da yawa suke tarayya a tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya, kowa yana ganin kasawar kowa, zama kuwa yana yiwuwa ne domin kowa yana kau da kai. Kirista yana da ƙarin dalili. Filistiyawa sun fito da Samson makaho domin ya ba su dariya a haikalin Dagon. Sojojin Roma sun yafa wa Yesu alkyabba, suka sa masa rawanin ƙaya, suka durƙusa suna masa ba'a (Matiyu 27). Ubangijin masu bi ya taɓa zama abin kallon taro, saboda haka mai bi ya san ɓangaren da zai tsaya.

Abin da ya kamaci mai bi

Dariyar faɗuwa hakkin wanda ya faɗi ce. Idan ya tashi lafiya, ya yi wa kansa dariya, ya ce a nuna wa mutane, to, ya yi kyauta da abin da yake nasa, a karɓa a yi dariya tare da shi. Idan bai bayar ba, wanda ya ɗauka ya ɗauki abin da ba nasa ba ne.

Saboda haka kafin mai bi ya tura hoto, ya yi wa kansa tambayoyi uku. Wannan mutum ya tashi lafiya? Ya san an ɗauke shi, ya kuma yarda? Da a ce mahaifiyarsa ce, zai so hoton ya shiga zauren matasan ikkilisiya? Dariyar da ta kuɓuce wa mutum ba shiri ba abin tsananta wa kai ba ce, gama jiki ne. Amma ajiyewa da turawa aiki ne da ake yi da gangan, shi ne kuma ake ba da lissafinsa. Iyaye su nemi yardar 'ya'yansu su ma, domin yaron da aka nuna yana kuka yau zai girma ya tarar da hoton yana nan. Shugabannin matasa da na zumuntar mata kuma su yi ƙarfin hali su ce a goge, ko da za a ce musu ba su san wasa ba.

Basamariyen nan na Luka sura 10 ya ga mutum kwance a bakin hanya kamar yadda firist da Balawe suka gan shi. Abin da ya bambanta shi da su shi ne abin da ya yi da hannuwansa. Allah ya ba masu binsa a Nima da Maamobi, da ko'ina, alherin fara cewa sannu, su miƙa hannu, su kuma rufa wa maƙwabci asiri kamar yadda Almasihu ya rufa nasu. Amin.